Gidan haya mai wuta da ruwa cikin kuɗin haya a Katsina, ga yadda na same shi

In dai kana aiki cikin garin Katsina, ba ka da mota ba ka da mashin, kuma ka gaji da rigimar kuɗin wuta da 'yan uwanka 'yan haya duk ƙarshen wata, to irin gidajen nan da wasu ofisoshin dillalai suka fara fitowa da su, waɗanda ake haɗa maka wuta da ruwa da kwasar shara duk cikin kuɗin shekara, sun isa ka je ka duba. Amma in kana da yara da yawa, ko madam na sana'ar ƙanƙara da zoɓo a firiza, ko kai mutum ne da ba ya son a kafa mashi doka a inda ya biya kuɗinshi, tun yanzu in gaya maka ba naka ba ne, kar ka wahalar da kanka. Ni ina cikin irin gidan tun kafin daminar 2024, ni da mai ɗakina da 'yarmu da aka haifa a nan. Sunan ofishin ba zan faɗa ba, don akwai inda zan yabe su akwai inda zan soke su, kuma har yanzu ƙarƙashin kwanonsu nake kwana.

Gidan yana tsakanin Ƙofar Ƙaura da Ƙofar Ƙwaya ta wajen ganuwa, lungu na biyu in ka sauka daga kwalta. Wanda ya san Katsina ya san darajar wannan wurin. Ƙofar Ƙaura ita ke fitar da kai hanyar Kano, ta can sakatariya take wajen Dandagoro, Ƙofar Ƙwaya kuma ita ke miƙa ka hanyar Dutsin-ma inda FCE da Poli ta Hassan Usman da Al-Qalam suke, ka wuce har jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa. Ni aikina ta hanyar Kano yake, mai ɗakina kuma tana karatu ta hanyar Dutsin-ma, sai ya zama kowa da safe ya fita ya kama tashi hanya ba wanda ya ratsa cikin gari.

Wannan maganar ta kusa da titi ita ce mutane ke rainawa in suna neman gida, alhali ita ke cin albashi a ɓoye. Mu nan ba mu da manyan bas na cikin gari masu tsayawa a tasha kan lokaci irin na Legas, layin dogon Kano zuwa Maraɗi da ake yi ta Daura da Katsina da Jibiya shi ma na tafiya tsakanin garuruwa ne, motocin KTSTA na gwamnatin jiha kuma in za ka Kano ko Kaduna ko Funtuwa ne. Abin hawanmu na kullum napep ne da kabu-kabu. To napep iri biyu ce, akwai wadda ka tsaya bakin titi ka tare ta ta haɗa ka da wasu fasinjoji kowa ya biya nashi, akwai kuma dirof, wadda kai kaɗai za ka ɗauki nauyin kujerun duka saboda inda za ka ba mai zuwa sai kai. Tun da aka cire tallafin mai ran 29 ga Mayun 2023, litar da ba ta kai naira 200 ba ta haura 500 cikin 'yan kwanaki, kafin ƙarshen 2024 ta wuce 1,000, to dirof ya koma abin sai dole. An nuna mani gidaje masu kyau a sabbin unguwannin bayan gari wajen Barhim da Kambarawa, sabon fenti, tayil, ga fili, kuɗinsu ma bai kai wannan ba, amma da na ƙiyasta mutum biyu kullum su yi dirof su fito titi su yi dirof su koma, sai na ga rarar da zan samu a kuɗin haya kafin rabin shekara mai napep ya cinye ta. A nan kuwa daga ƙofar gida zuwa kwalta tafiyar da ba ta kai ka yi gumi ba ce, kuma da wuya ka tsaya ka ga napep uku sun wuce ba ka samu mai wuri ba, sai fa ƙarfe bakwai da rabi na safe lokacin 'yan makaranta, wannan kam sai ka yi haƙuri ko ka hau kabu-kabu.

Ofishin su kansu, zan ce sun fi dillalan bakin titi da na saba da su nesa ba kusa ba. Ba su yi ta yawo da ni gidajen da an riga an kama don kawai su ci kuɗin ganin gida ba, sun tambaye ni ƙarfina da inda nake aiki, suka nuna mani abin da ke akwai. La'ada kashi 10 cikin ɗari ce kamar yadda aka saba, sai wani kuɗi da suka ce ajiya ce ta gyara, in ka tashi ba ka fasa komai ba a maido maka. Duk abin da na biya an ba ni rasit mai hatimi, kuma an ba ni takardar yarjejeniya na tafi da ita gida na karanta kafin in sa hannu, ba irin ta a miƙo maka biro kana tsaye ba. Inda suka ɓata mani rai shi ne bakin yaron ofishin daban, abin da ke cikin takarda daban. Da muna zagaya gidan cewa ya yi "Yallaɓai nan wuta awa ashirin da huɗu ce, ka manta da nepa kawai." Da na karanta takarda na koma na ce mashi malam ina awa ashirin da huɗun take a nan, sai ya yi dariya ya ce "ai yallaɓai ka gane, kusan hakan ne." To ba kusan hakan ba ne, kuma ga yadda take.

Layin wuta biyu ne ke shiga kowane sashe. Akwai na nepa, mita mai kati guda ɗaya ga gidan gaba ɗaya, akwai kuma na sola, faranti a saman kwano da inbata da batura a wani ɗan ɗaki kusa da na mai gadi. Soket ɗin da aka naɗa ma jan salatif su ne na sola, kuma abin da aka yarda ka sa a jikinsu ƙwan fitila ne da fanka da talabijin da cajin waya, sai ƙaramin firij da rana kaɗai. An sa ma kowane sashe ɗan makunni mai yanke wuta da kanshi in ka wuce ƙa'ida. Farko na ɗauka rowa ce, daga baya da na zauna da mai gyaran solar ya yi mani lissafi sai na ga suna da gaskiya. Fankar sama tana jan wat 70 ko kusa da haka, dutsen guga kuwa yana jan 1,000 ko fiye, wato guga ɗaya ta ci wutar fanka goma sha huɗu, hitar dafa ruwa ma haka ko ta fi. In mutum biyu suka jona guga lokaci guda inbata sai ta yi ƙara ta ɗauke, kowa ya shiga duhu saboda kaftanin mutum ɗaya. Don haka guga da hita da babban firij sai an kawo nepa.

Ita kuma nepar a nan gizo ke saƙar, don ita ce ba su faɗa da baki. Ofishin na sa ma mita kati na wani adadi ne a farkon wata, in ya ƙare kafin wata ya mutu shi ke nan, ko dai ku jira ko ku haɗa kuɗi ku ƙara da kanku. Wato "an haɗa da wuta" ba yana nufin sha iya shanka ba. Na fahimci dalilinsu, tun watan Afrilun 2024 da hukumar kula da wutar lantarki ta ƙasa ta ɗaga kuɗin masu Band A, wato rukunin da aka ce ana ba su wuta aƙalla awa ashirin a rana, daga naira sittin da wani abu zuwa 225 kan kowane yunit, ko da yake an ɗan rage daga baya, duk mai gidan haya a yankin KEDCO, kamfanin da ke raba wuta a Kano da Katsina da Jigawa, ya shiga taitayinshi, don layinka zai iya canza rukuni kuɗi ya ninka alhali ka riga ka karɓi hayar shekara. Ba wanda zai yi maka alkawarin wuta ba iyaka a wannan yanayi sai maƙaryaci. Amma ai sai a faɗa ma mutum tun farko. Yawancin watanni katin na kai mu, watannin zafi ne yake ƙarewa wajen ashirin da wani abu ga wata, kuma duk mun san sashen da ke da esi a ɓoye, sai dai ba mai son ya zama shi ya kai ƙara.

Lokacin da na san kuɗina bai tafi a banza ba shi ne Oktoban 2024, da babban layin wuta ya samu matsala Arewa ta kwashe fiye da mako cikin duhu. Kowa ya tuna yadda aka yi, masu cajin waya suka ƙara kuɗi, ƙanƙara ta zama sai wane da wane, masu bohol da ke jiran nepa suka rufe famfo, 'yan ga-ruwa suka yi ta layi. Mu kuwa fitilarmu na ci fanka na juyawa ruwa na zuba, har maƙwabta ke aiko yara da wayoyi a leda a sa masu caji, Baba mai gadi ya koma kamar mai shagon caji, yana rubuta ma kowace waya alama da biro don kar a rikice.

Sai dai solar na da ranakun da take kwanciya. Da hunturu ƙura ke rufe farantan, in ba a hau an wanke ba kafin sha biyun dare batir ya yi ƙasa, kuma ofishin ba su sa wankin cikin tsari ba sai mun yi ta kira. Cikin Agusta in hadari ya kwana biyu bai washe ba haka za ku yi ta lallaɓa ta. Wanda ya fi ciwo shi ne bazara, Afrilu da Mayu, lokacin da zafin Katsina ke haura digiri 40, kowa ya kunna duk fankar da yake da ita tun magariba, sai wajen ukun dare ka ji shiru fanka ta tsaya, yarinya ta tashi da kuka, ka fito da tabarma tsakar gida ka tarar da maƙwabcinka ya riga ka. Kuma na lura batiran na rage ƙarfi, bara sun fi kai mu asuba fiye da bana. Irin masu ruwan nan ne ba litiyom ba, su kuwa shekaru kaɗan suke yi su fara gajiya musamman a wuri mai zafi, kuma takardarmu ba ta ce uffan kan wa zai canza su ko yaushe ba. Duk wanda zai shiga irin gidan nan wannan tambayar ya fara yi.

Ruwa kam ba ni da ta cewa sai hamdala, shi ne ya fi komai daɗi a gidan. Bohol ne da sumo, wato injin jawo ruwa, da ke aiki da sola, ana tura ruwa sama da tsakar rana lokacin da rana ta take, tankuna biyu manya. Wanda bai zauna Katsina ba ba zai gane girman wannan ba. Ruwan famfo da ke zuwa daga dam ɗin Ajiwa ba kowace unguwa yake kaiwa kullum ba, gari ya faɗaɗa ya bar bututu a baya, shi ya sa rayuwar gidaje da yawa ta rataya kan 'yan ga-ruwa da kurarsu ta jarkokin lita 25. A gidan da na baro, da safe aikina na farko shi ne leƙa lungu in ga ko mai kura ya shigo, in bazara ta yi kuma sai ka roƙe shi da kuɗinka, ya ce wannan kurar an riga an saye. Mace mai jego da wankin tsumman jariri kullum, ka lissafa jarka nawa za ta sha. Nan kuwa ka murɗa famfo a kicin ruwa ya zo, ka shiga bayi shawa na aiki, ruwan ba gishiri ba wari, muna sha ma bayan an tace.

Ƙorafina kan ruwa biyu ne. Na farko sashen ƙarshe, wanda ya fi nisa da tanki, ran Asabar da kowa ke wanki ruwan na zuwa masu kamar ana tsiyayar mai, sai sun tara a bokiti tun dare, ni Allah ya taimake ni nawa na tsakiya ne. Na biyu akwai lokacin da sumo ya ƙone, aka fi mako ana cewa yau gobe mai gyara na hanya, kuma ba su turo tankar ruwa ba sai da muka haɗu mu duka muka je ofishin muka zauna. Manajan ya ba da haƙuri ya ce "Alhaji ku yi mamu uzuri, mai gidan ne ba ya gari kuma sai da izininshi ake fitar da kuɗi mai yawa", na ce mashi ranka ya daɗe mu ba mu san mai gida ba, ku muka ba kuɗi, rasit ɗinku ke hannunmu. Washegari tanka ta zo. Kuɗin ruwan da muka saya a wannan makon ba wanda ya maido mamu.

Shara wani yaro ke zuwa da baro sau biyu a mako, ba ya fashi sosai. Baba mai gadi dattijo ne mai kirki, ya san baƙon kowa, kuma tun da na zo ko takalmi ba a taɓa ɗauka ba. Lungun ne dai da damina yake zama abin tausayi, kwata ta cika ta haura, taɓo har idon sawu, mai napep ya ce ko nawa za ka ba shi ba ya shiga. Taku ɗari biyu ne ko ƙasa da haka, amma in ka yi wankan Juma'a da farar shadda sai ka naɗe wando.

Abin da na fi jin daɗinshi kuwa ba fitila ba ce ba famfo ba ne, rashin rigima ne. Duk wanda ya zauna gidan haya mai mita ɗaya ya san zaman da ake yi in bil ya zo. Wani ya ce a raba bisa ɗaki, wani ya ce a'a bisa kai, ai wane iyalinshi bakwai ni ni kaɗai ne, wani ya ce a ƙirga kayan wuta, sai mai firiza ya rantse firizarshi ta lalace tun watan jiya alhali kowa na jin ƙararta da dare. Wani ya ce shi ya yi tafiya Kaduna sati biyu don haka rabi zai biya. Wanda aka ɗora ma tara kuɗin kuma shi ne abin tausayi, ya yi ta bin mutane kamar mai bara, ƙarshe a ce ya ci wani abu a ciki. Kafin a gama gardama ma'aikata sun zo da tsani sun yanke, a koma karo-karon kuɗin maidowa, matan gida su daina gaisawa, yara su gaji faɗan. Na ga mutanen kirki masu sallah sahu ɗaya sun yi wata ba sa magana kan kuɗin da bai kai na buhun gawayi ba. A nan in wani abu ya lalace ofis muke kira, fushinmu can yake tafiya, maƙwabci kuwa sai gaisuwa da miƙon abinci da azumi. Ko karo-karon katin watannin zafi da na ambata ba ya zama faɗa, saboda kaɗan ne kuma ba kullum ba.

To amma wannan zaman lafiyar da dokoki aka saye shi, kuma wasu dokokin na da ɗaci. Ba a kunna janareta. Ba a sana'ar da ke cin wuta ko ruwa, wata maƙwabciyarmu da ta fara ƙulla zoɓo da kunun aya sai da aka aiko mata takarda. Ana rufe get ƙarfe sha ɗaya, in za ka wuce haka ka kira Baba tun da wuri. Baƙon da zai wuce mako sai an sanar da ofis, wai saboda lissafin ruwa. Wadda ta fi ba mu wahala ita ce ta hana hura icce a tsakar gida. Da mai ɗakina ta haihu, gwaggonta ta zo daga ƙauye don wankan jego, ta tambayi inda za ta kafa murhu ta ɗora tukunyar ruwan zafi, na ce mata Gwaggo nan fa ba a hura icce, ta dube ni ta ce "to ɗan nan da me za a yi wankan, da ruwan randa?" Hita ba ta hawa sola, nepa ba ta da tabbas, gas kuma in ka ce da shi za ka tafasa ruwan jego safe da yamma har arba'in to sai ka sayar da wani abu. Ƙarshe Baba mai gadi ne ya roƙar mamu wani kango da ke bayan katanga aka kafa murhun can, ana ɗauko ruwan a bokiti. Taron suna ma sai a gidan yayana muka yi. Wanda ya tsara gidan da gwauraye da 'yan bautar ƙasa a ranshi ya tsara shi, bai tuna Bahaushe na haihuwa ba.

Maganar kuɗi. Nawa ciki da falo ne da kicin da bayi a ciki, na kama shi dubu 420 a shekara, lokacin da irinshi a lungun wanda ba wuta ba ruwa ake cewa wajen dubu 300. Bambancin dubu 120 ke nan, wato dubu 10 a wata. A tsohon gidana kuɗin ga-ruwa kaɗai na kusan cinye wannan, ban sa bil ba, ban sa cajin waya a shago ba, ban sa kuɗin mai shara ba. Don haka a lissafi ni ke da riba. Matsalar ita ce biya lokaci guda. Mafi ƙarancin albashi da aka amince da shi a 2024 dubu 70 ne, kenan ƙaramin ma'aikaci sai ya ajiye albashin wata shida cur bai ci bai sha ba kafin ya karɓi makulli, ban da la'ada. Sabon shiga ba sa karɓar rabi, sai a shekara ta biyu in sun ga zamanka suke yarda ka biya kashi biyu. Da lokacin sabuntawa ya zo sun yi ƙari, kuma notis ɗin wata ɗaya kacal suka ba mu, wanda a ganina bai dace ba, mutum na buƙatar wata uku ya shirya ko ya nemi wani wuri. Sun san ba inda za mu, gidan haya a Katsina yanzu nema ake, mutanen Batsari da Jibiya da Safana da rashin tsaro ya taso sun cika gari, ga ɗalibai ga ma'aikata, ka ce ba ka so kafin la'asar wani ya biya.

In za ka duba irin wannan gida, kar ka je lokacin da dillali ya zaɓa, don su da hantsi suke kai mutum, batir ya fara cika tanki na da ruwa lungu ya yi tsit. Ka koma kai kaɗai bayan isha'i ka ga ko fitilu na ci, ka ce a buɗe maka ɗakin batir ka ga nawa ne kuma wane iri ne, ka murɗa famfon sashen ƙarshe ba na farko ba. Ka taka da ƙafarka daga get zuwa titi da safe lokacin fita aiki ka tsaya ka gani ko ana samun napep ta haɗaka zuwa inda kake aiki, don wani titin kwalta ce lafiyayya amma ba hanyar fasinja ba ce. In da hali ka tafi da iyalinka ta shiga wajen matan gidan, cikin minti goma za ta fito maka da labarin da dillali ba zai taɓa faɗa ba. Sannan duk abin da aka ce an haɗa, a rubuta shi da adadi, katin nawa a wata, in sumo ya lalace kwana nawa kafin a kawo tanka, batir wa ke canzawa.

Kwanan nan ofishin suka kira ni wai sun karɓi wani sabon gida can bayan gari, tsari iri ɗaya, ɗakuna sun fi faɗi, batiran litiyom ne sababbi, kuɗin ma ya ɗan fi sauƙi, ko zan koma. Na je na gani, gidan ya yi kyau ƙwarai, amma daga get ɗinshi ko ƙarar napep ba ka ji, sai na ce masu na gode. Na sabunta nawa na shekara ɗaya, sun so in biya na shekara biyu su yi mani ragi na ƙi, sai na ga abin da za su yi da batiran nan kafin bazara ta shigo.